Nazarin Lamari: Lambun da Ake Ba Ruwa Kullum Amma Tumatirinsa Yana Ruɓewa a Gindi

Lambun da wannan nazari ya shafa ɗan fili ne a bayan wani gida, mai tsawon mita 6 da faɗin mita 3, yana jingine da katangar bulo wadda rana take dukanta tun daga hantsi har bayan la'asar. Mai lambun ma'aikaciya ce da take fita da sassafe ta dawo da yamma, kuma wannan ne karonta na farko a noman kayan lambu. Ta ja fangali huɗu, kowanne mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1, ta bar hanya a tsakaninsu. A fangalin da ya fi kusa da katanga ta dasa tumatir mai dogayen 'ya'ya, a na biyu ta sa tattasai da kuɓewa, a na uku latas da karas da alayyafo, sa'an nan ta ware na huɗu domin ganyayen ƙamshi, wato na'a-na'a da ɗaɗɗoya. Ƙasar wurin jigawa ce, yashinta ya rinjayi lakarta, don haka ruwa ba ya daɗewa a cikinta, kuma abin ya faru ne a lokacin zafi da babu ruwan sama.

A wajen shuka ba ta yi babban kuskure ba. Ta reni tumatir da tattasai a cikin ƙananan gwangwanaye, ta dasa su da yamma bayan sun yi kimanin mako biyar, ta bar tazarar santimita 50 tsakanin gindi da gindi, kuma ta kafa wa tumatir sanduna tun yana ƙarami. Kuɓewa da karas kuwa kai tsaye ta shuka su, kamar yadda ya dace, domin karas ba ya son dashe, da zarar an taɓa doguwar saiwarsa tun yana jariri sai ya fito a murɗe. Inda ta kauce shi ne wajen taki. Ta zuba ɗanyen kashin kaji wanda bai ruɓe ba 'yan kwanaki kafin dashe, kuma da ta ga tsiron ya kama sai ta ƙara masa yuriya. Lambun ya yi shar, ganyen tumatir ya yi faɗi da duhun kore, duk wanda ya leƙa sai ya yaba.

Matsalar ta bayyana ne a 'ya'yan farko. Tun suna ɗanye, ba su wuce rabin girmansu ba, sai wani tabo mai kamar jiƙa ya fito a gindinsu, daidai wurin da fure ya faɗi. Cikin 'yan kwanaki tabon ya faɗaɗa, ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi baƙi, ya lotsa ciki, ya bushe ya yi tauri. Waɗanda abin ya shafa sun riga sauran nuna, amma ba su da amfani. Wasu daga cikin tattasan ma sun nuna irin wannan tabo a kusa da ƙarshensu. Mai lambun ta ɗauka cuta ce, ta sayo maganin feshi na funfuna ta fesa, ta sake fesawa bayan mako guda, ba ta ga canji ba. Kafin nan wasu ƙorafe-ƙorafen sun taru: 'ya'yan tumatir da suka tsira daga tabon sun fara tsagewa, latas ya miƙa kara sama ya yi ɗaci, kuɓewa tana yin tauri kafin a ci, na'a-na'a kuma ta mamaye fangalinta har tana neman shaƙe ɗaɗɗoya.

Da aka zo duba lambun, abu na farko da aka yi shi ne tantance ko da gaske cuta ce, kuma alamu uku suka nuna ba ita ba ce. Tabon yana fitowa a wuri ɗaya tak, wato gindin ɗan tumatir, alhali cututtukan funfuna da na ƙwayoyin bakteriya sukan kama ko'ina, kuma galibi sai sun bar shaida a ganye ko a kara. Ganyen kuwa lafiya lau yake, babu ɗigo babu rawaya. Sa'an nan tabon ba ya yaɗuwa daga wannan ɗa zuwa wancan ko da suna goga da juna. An kuma duba ko aikin tsutsa ne, musamman tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, aka fara ganinta a Sifaniya a shekarar 2006 kafin ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Ita takan haƙa fararen hanyoyi a cikin ganye, ta huda ɗan tumatir ta bar baƙin kashinta a bakin ramin, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Aka tumɓuke gindi ɗaya mafi rauni domin a duba saiwa, ko akwai ƙulle-ƙullen da ƙananan tsutsotsin ƙasa suke haddasawa, sai aka tarar da saiwar fara tas, babu ƙulli. Amma ta nuna wani abu dabam: kusan dukkanta tana shimfiɗe ne a saman ƙasa, ba ta nutsa ba, alhali saiwar tumatir a ƙasa mai laushi tana iya sauka santimita 60 ko fiye.

Wannan ya sa aka haƙa ɗan rami a gefen fangalin, sa'o'i kaɗan bayan ban-ruwan safe. Danshin bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, ƙasa da haka yashi ne busasshe mai zubewa a hannu. Da aka tambayi mai lambun yadda take ba da ruwa, sai ta ce ba ta taɓa tsallake rana ba: kowace safiya kafin ta fita takan yayyafa buta biyu masu cin lita 10 a kan fangalin huɗu gaba ɗaya, a ƙarshen mako kuma, da yake tana gida, sai ta saki tiyo har ruwa ya kwanta. A nan gizo yake saƙa. Lissafin mai sauƙi ne, domin lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya daidai take da ruwan sama na milimita ɗaya. Fangalinta huɗu murabba'in mita 12 ne, don haka lita 20 ba su kai milimita 2 a rana ba, kuma yawancinsu rana take shanyewa kafin azahar. Ƙa'idar da aka saba bi ga kayan lambu ita ce kimanin milimita 25 a mako, wato lita 25 ga kowane murabba'in mita, kuma a lokacin zafi a kan jigawa buƙatar takan wuce haka sosai. Abin da tsiron yake samu shi ne kwana biyar na ƙishirwa, sai kwana biyu na ambaliya, kuma ruwan ambaliyar ba ya zama, domin yashi yana barinsa ya zarce ƙasa inda gajerun saiwoyin ba su kai ba.

Ya kamata a tsaya a kan yadda ƙishirwa take zama baƙin tabo, domin wanda ya fahimci wannan ba zai sake kashe kuɗinsa a maganin feshi ba. Ruɓewar gindin tumatir alama ce ta ƙarancin sinadarin kalsiyam a cikin naman ɗan tumatir, sinadarin da yake ƙarfafa bangon ƙwayoyin halittar tsiro. Kalsiyam yana shiga tsiro ne a narke cikin ruwa, ta sababbin ƙananan saiwoyi, ya hau tare da ruwan da ganye yake ja. Ganye yana fitar da ruwa mai yawa ta ƙananan ƙofofinsa, don haka shi ne mai ƙarfin ja, shi kuwa ɗan tumatir ruwan da yake fitarwa kaɗan ne, rabonsa na kalsiyam ma kaɗan ne, kuma gindinsa shi ne wuri mafi nisa daga ɗan karan da yake rataye da shi. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne kalsiyam, saɓanin naitirojin, sinadarin taki mai sa ganye ya yi kore ya bunƙasa, idan ya zauna a ganye ba ya tashi ya koma wani sashen tsiron. Saboda haka duk ranar da ruwa ya yanke a lokacin da ɗan tumatir yake girma da sauri, wato makonni biyu zuwa uku na farko bayan fure ya ƙulla, sai ƙwayoyin gindinsa su rasa abin gina bango, su fashe su mutu. Tabon da mai lambun take gani yau sakamakon ƙishirwar kwanakin baya ne. Dogayen tumatir irin nata sun fi saurin kamuwa fiye da ƙananan masu zagaye, kuma tattasai da kankana ma suna fama da wannan matsala.

Takin da ta zuba ya ƙara wa wutar mai. Yuriya tana rikiɗewa a ƙasa ta zama amoniyam, wato wani nau'in naitirojin, ɗanyen kashin kaji ma yana ɗauke da shi da yawa, kuma amoniyam yana gogayya da kalsiyam a bakin saiwa. Ban da haka, yawan naitirojin ya sa tsiron ya tara ganye fiye da abin da saiwarsa za ta iya shayarwa, kuma kowane ƙarin ganye ƙarin mai janye ruwa ne daga 'ya'ya. Ganyen nan da maƙwabta suke yabawa yana cikin abin da ya ɓata amfanin. Tsagewar 'ya'ya kuwa aikin tiyon ƙarshen mako ne: fatar tumatir takan yi tauri a kwanakin fari, idan ruwa ya shigo da yawa lokaci guda sai naman ciki ya kumbura fiye da yadda fatar za ta iya miƙewa.

Wasu sun ba ta shawara ta daka ɓawon ƙwai ta zuba, wasu kuma suka ce ta fesa ruwan kalsiyam a ganye. A ganina duka biyun ba su taɓa ainihin matsalar ba. Ɓawon ƙwai yana da kalsiyam, amma yakan ɗauki watanni masu yawa kafin ya narke a ƙasa, kuma feshin ganye amfaninsa kaɗan ne tunda abin da ya shiga ganye ba ya wucewa zuwa 'ya'ya. Yawancin ƙasar lambu ba ta rasa kalsiyam, abin da take rasawa shi ne ruwan da zai ɗauke shi. Farar ƙasa, wadda ita ma take ɗauke da kalsiyam, tana da amfani ne kawai idan gwaji ya nuna ƙasa ta yi tsami da yawa. Tumatir ya fi son ma'aunin tsami na pH 6.0 zuwa 6.8, kuma da aka gwada ƙasar wannan lambun an same ta a cikin wannan iyaka, don haka aka bar ta yadda take, aka kuma hana zuba toka barkatai, domin toka ma tana ɗaga wannan ma'auni.

Gyaran da aka yi bai ci kuɗi ba. An daina feshi, an daina yuriya, an tsinke duk 'ya'yan da suka yi tabo domin tsiron ya mai da ƙarfinsa ga masu lafiya. Aka raba fangali huɗun gwargwadon zurfin saiwar abin da yake cikinsu, domin kuskure ne a yi wa latas da tumatir shayarwa iri ɗaya. Fangalin tumatir, mai murabba'in mita 3, aka mai da shi bokiti uku masu lita 10 duk bayan kwana biyu, da safe, ana zubawa a gindi a hankali har ƙasa ta sha, ba tare da jiƙa ganye ba, tun da ganyen da ya kwana a jiƙe shi ne yake gayyato cututtukan funfuna na gaskiya. Tattasai da kuɓewa ma aka bi da su haka. Latas, mai gajerun saiwoyi, da alayyafo, aka bar su a kan shayarwar kullum amma aka ƙara musu yawa. Sa'an nan aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mara iri mai kaurin santimita 5 zuwa 8 a kan kowane fangali, aka bar ɗan fili a kewayen kara domin kada ya ruɓe. Wannan shimfiɗa tana rage ruwan da rana take sha, tana sanyaya ƙasa, tana danne ciyawa, kuma ta kawo ƙarshen wata al'adar mai lambun, wato sassarfa ƙasa da fartanya a jikin gindin tumatir, wadda take datse ƙananan saiwoyin da suke tsotso kalsiyam.

Tun da mai lambun ba ta wuni a gida, an binne tulu biyu na yumɓu marasa fenti a tsakiyar fangalin tumatir har zuwa wuya, ana cika su a rufe bakinsu. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin tulun gwargwadon bushewar ƙasar da take kewaye da shi, kuma saiwoyi sukan bi danshin su nannaɗe tulun. An kuma koya mata ta daina dogara da abin da ido ya gani a sama, ta riƙa cusa yatsa santimita 5 a ƙarƙashin ciyawar: idan da sanyin danshi a bari, idan a bushe yake a ba da ruwa. Yaushin da ganye yake yi da tsakar rana ba koyaushe yake nufin ƙishirwa ba, sau da yawa tsiron yana kare kansa ne daga zafi, kuma yakan miƙe da yamma. Wanda ya wayi gari da yaushi shi ne abin damuwa.

Sakamakon bai zo nan take ba, kuma an gaya mata haka tun da farko domin kada ta karaya. 'Ya'yan da suka riga suka ƙulla kafin gyaran wasunsu sun ci gaba da fitar da tabo, amma waɗanda suka ƙulla bayansa kusan dukkansu sun fito lafiya, tsagewa kuma ta ragu ƙwarai. Adalci ya sa a faɗi cewa ruɓewar gindi ta fi tsanani a 'ya'yan farko, kuma takan ragu da kanta yayin da saiwa take ƙara nutsewa, don haka ba dukkan sauƙin za a danganta ga gyaran ba. Amma ramin da aka sake haƙawa ya nuna danshi ya nutsa can ƙasa sosai, kuma sababbin saiwoyi sun bi shi.

Sauran ƙorafe-ƙorafen yawancinsu na girbi ne, kuma tushensu ɗaya da na ruwan, wato jiran ƙarshen mako. Kuɓewa takan isa cira kwana huɗu zuwa shida bayan furenta ya buɗe, tana da tsawon santimita 7 zuwa 10, kuma wadda aka bari mako guda takan yi zare ta yi tauri, har ma ta sa uwar ta rage sabon fure tun da ta mai da hankali ga ƙosar da iri. Aka mai da cirar duk bayan kwana biyu, da wuƙa ko almakashi. Tumatir kuma aka daina jiran ya yi ja a kan uwa, domin yana cikin 'ya'yan da suke ci gaba da nuna bayan an tsinke su. Da zarar gindinsa ya fara juyawa daga kore zuwa ruwan hoda sai a tsinke shi a ajiye a inuwa. Wannan yana kare shi daga tsagewa da tsuntsaye da ƙunar rana, kuma yana ba shi launi mai kyau, domin sinadarin da yake sa tumatir ja ba ya samuwa sosai idan zafi ya wuce digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa na jikin katanga suke tsayawa a ruwan lemo. Firiji kuwa ba wurin ɗanyen tumatir ba ne, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana tsai da nunarsa ya kashe masa ɗanɗano.

Ɗaɗɗoya ta farfaɗo da aka fara yanke kanta daidai saman ganye biyu masu fuskantar juna, domin daga nan rassa biyu suke tohowa, ana kuma cire furenta da zarar ya leƙo, ba a ɗibar fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyenta a lokaci guda. An fi son a ɗebi ganyayen ƙamshi da safe kafin rana ta yi zafi. Na'a-na'a kuwa sai da aka haƙe ta gaba ɗaya aka mai da ita cikin tukunya, domin tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, kuma duk guntun da aka bari yana iya sake tsiro. Alayyafo shi kaɗai ne bai ba da wahala ba, ana yanka shi a bar kimanin santimita 15 daga ƙasa, ya sake toho.

Latas bai cetu ba. Shuka ce ta sanyi wadda ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 20, kuma idan zafi ya sa ta miƙa kara domin yin iri, ɗacinta ba ya komawa baya, don haka aka tumɓuke ta aka cike wurin da alayyafo. Karas ma ya fito da rassa da gashi, ƙanana a cunkushe, saboda ɗanyen taki da kuma rashin rage tsiro, wanda ya kamata a yi tun yana ƙarami a bar santimita 3 zuwa 5 tsakanin kowane biyu. Ɗanyen takin yana da wata illa da ta fi wannan, wato ƙwayoyin cuta masu shiga cikin mutum, musamman ta abin da ake ci ɗanye. Dokar ƙasar Amurka ta noman da ba a amfani da sinadarai a cikinsa ta tanadi cewa a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da yake taɓa ƙasa, kwana 90 kuma ga wanda ba ya taɓawa, kuma latas ɗin wannan lambu ya isa ci tun kafin wa'adin ya cika.

Abu ɗaya da ruwa bai gyara ba shi ne zubewar furen tumatir a layin da yake jikin katanga. Idan zafin rana ya haura digiri 32, dare kuma bai yi sanyi ba, garin furen yakan lalace, fure ya bushe ya faɗi ba tare da ya ƙulla ba, kuma katangar bulo tana tara zafi da rana ta riƙa fitar da shi har cikin dare. Ragar inuwa da aka rataya daga azahar zuwa la'asar ta rage asarar amma ba ta kawar da ita ba. Saboda haka tsarin da aka zana domin zagaye na gaba ya ɗauke tumatir daga wannan fangali. Ba za a kai shi na biyu ba, domin tumatir da tattasai dangi ɗaya ne, cututtukan ƙasa iri ɗaya suke tarawa, kuma ana so a raba wuri da danginsu kimanin shekara uku idan fili ya ba da dama. Zai koma fangali na huɗu, mafi nisa da katanga, inda aka haƙe na'a-na'a, tare da wasu gindi na ƙananan tumatir masu zagaye a gauraye da dogayen. Kuɓewa, wadda take jure zafi, ita za ta gaji jikin katanga, latas kuma zai jira lokacin sanyi. Kashin kajin an tara shi a kusurwa ɗaya tare da busasshen ganye, ana jiƙa shi ana juyawa, ba zai shiga fangali ba sai ya yi baƙi ya daina wari.